Filin Tambaya da Amsa: Tabla a Hunturu, Sitar a Fiyano, da Sauran Tambayoyi kan Kiɗan Indiya

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin watan nan kusan duk a kan kiɗan Indiya suke, kuma yawancinsu daga Katsina da Daura. Mun haɗe masu kama da juna, mun rage tsawon gaisuwa, ga waɗanda suka samu shiga.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haɗa kiɗa a wani ƙaramin sutudiyo. Fiyanona yana da muryar sitar (doguwar molon Indiya) da tabla (tagwayen gangunansu) da sarewar Indiya, amma duk sanda na yi amfani da su sai abin ya fito salam, babu ɗanɗanon nan na Indiya. Laifin fiyanon ne, in nemi babba?
Daga mai haɗa kiɗa, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Ko na miliyan nawa ka saya, muddin yatsunka na danna sitar yadda suke danna fiyano, to fiyano za a ji.

Fara da tushe. Mawaƙin Indiya yakan zaɓi sauti ɗaya da ya dace da muryarsa ya kira shi Sa, kuma daga farkon waƙa har ƙarshe Sa ɗin nan ba ya yankewa a kunne. Matakan sautinsu bakwai ne: Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha, Ni. In ka ɗauki C a matsayin Sa, fararen maɓallai daga C zuwa B su ne matakan nan a tsaye. Sa da Pa ba sa motsi. Re, Ga, Dha da Ni ana iya sauke kowanne rabin mataki, su kira shi komal. Ma kuwa ɗaga shi ake yi rabin mataki, su ce tibra. Jimla 12 ke nan, daidai da maɓallan da ke gabanka daga C zuwa B, farare da baƙaƙe. Maza galibi suna kafa Sa tsakanin C da D#, mata kuma wajen G# ko A.

Abin da ke riƙe Sa a kunne shi ne tanpura, wata doguwar molo mai tsirkiya 4 da ba a yin karin waƙa da ita, sai dai a yi ta shafar tsirkiyoyin bi da bi: Pa, Sa, Sa, sai Sa na ƙasa. Kafin ka ɗora komai, shimfiɗa wannan gunjin a layi guda, ka rage masa ƙarfi, ya yi ta tafiya a ƙarƙashi. Akwai manhajojin waya da ke ba da shi. Sannan ka kashe rakiyar fiyanon mai sauya kod da kanta, wato sautuka da yawa da ake haɗawa lokaci ɗaya. Gaskiya ne waƙoƙin fim suna amfani da kod, amma na gargajiya ba ya yi, kuma a muryar sitar kada ka taɓa danna maɓalli uku lokaci ɗaya. Sitar sauti ɗaya-ɗaya yake fitarwa.

Sai raga. Raga tsari ne da ke faɗa maka matakan da za ka taka, yadda za ka hau, yadda za ka sauko, inda za ka daɗe da inda za ka gifta kawai. Kamar miya ce: mata biyu za su sayi kayan miya iri ɗaya a kasuwa, a sha a ji bambanci, saboda abin da kowacce ta fara sawa da abin da ta bari ya nuna. Mafi sauƙi ga kunnen Bahaushe ita ce Bhupali, mai matakai 5: Sa Re Ga Pa Dha, wato C D E G A. Da yawa daga karin waƙoƙinmu a kan matakai biyar suke tafiya, shi ya sa za ka ji ta kamar 'yar gida. Ka daɗe a kan Ga, ka riƙa dawowa gare shi daga Pa. In kana son launin soyayya na yamma, gwada Yaman: duk fararen maɓallai, sai dai F# a madadin F. Sirrinta a hawa yake. Ba a farawa da Sa, daga Ni na ƙasa ake tasowa: Ni Re Ga, Ma Dha Ni Sa, a tsallake Sa da Pa, sai a wajen saukowa a taka su. Wanda ya hau ta tiryan-tiryan daga C zuwa C bai kaɗa Yaman ba, atisaye ya yi. Bhairab ta asuba ce, mai nauyi: C, Db, E, F, G, Ab, B, kuma Re da Dha ɗinta ba a tsayar da su cak, ana ɗan rausaya su a hankali.

Babban abin da ka rasa dai shi ne jan sauti, wanda suke kira mind. Makaɗin sitar yakan ɗora yatsa a wuri ɗaya ya ja wayar gefe, sauti ya zame ya hau mataki huɗu ko biyar ba tare da ya sake bugawa ba. Don haka ne ƙarafan da ke kan wuyan sitar, kimanin 19 ko 20, suke a lanƙwashe, an ɗaure su da zare ana iya matsar da su. A fiyano, 'yar tayar nan ta gefen hagu mai lanƙwasa sauti ita ce makwafin wannan. Yawancin fiyano sukan zo an saita ta a rabin mataki 2, wanda zai kai ka daga Ga zuwa Re amma ba zai kai ka daga Pa zuwa Ga ba, domin wannan 3 ne. Shiga saiti ka buɗa ta zuwa 5, ka koyi tsayar da babban yatsa a tsakiyar hanya. Da farko za ka riƙa wuce wuri. Gunjin tanpura ne zai nuna maka. A muryar sarewa ko sarangi, gogen Indiya, kunna portamento, saitin da ke sa sauti ya zame zuwa na gaba, ka sa fiyanon ya riƙa fitar da sauti ɗaya kawai. Kuma kafin ka sauka a kan mataki, ɗan taɓa maƙwabcinsa na sama da sauri. Wani abu kuma: sitar yana da wayoyi biyu ko uku na gefe, cikari, da ake ƙyastawa tsakanin sauti da sauti. Kwaikwayi wannan ta hanyar ɗan taɓa Sa na can sama a duk gurbin da karin ya numfasa.

Abin da fiyano ba zai ba ka ba shi ne amon wayoyi 11 zuwa 13 da ke kwance ƙarƙashin manyan, waɗanda ba a taɓa su, su ne ke amsawa da kansu idan an buga sautin da ya yi daidai da nasu. Wannan sai haƙuri.

TAMBAYA: Ƙanena da ke karatu a Indiya ya aiko mini da tabla a ƙarshen damina. Da ta zo muryarta garau. Tun shigowar hunturu sai ta ƙara kaifi, wani gefe ya fi wani, baƙin nan na tsakiya ya yi tsage-tsage, kuma tana ɗan kurman zuzu in na buga. Wani ya ce in shafa mata man kaɗanya. In shafa?
Daga wani matashi, Sabuwar Unguwa, Katsina

AMSA: Kada ka kuskura, samari. Mai, ruwa da gumi su ne manyan abokan gabar fatar tabla. Hoda kaɗai ake barbaɗawa a hannu, ita ma kaɗan.

Ka san abin da ke hannunka. Ƙaramar, ta hannun dama, sunanta dayan, an fafe ta daga itace mai nauyi. Babbar, ta hagu, dagga, galibi ta jan ƙarfe ce ko tagulla, wasu ta yumɓu. Fuskar kowacce, puri, fatar akuya ce mai hawa-hawa, kuma a ƙaramar za ka ga yanki uku: zoben baki, filin tsakiya, sai baƙin. Baƙin nan, siyahi, haɗin garin ƙarfe ne da ƙullun shinkafa ko alkama, ana shafa shi shafi bisa shafi, kowane shafi a goge shi da dutse mai santsi har ya bushe. Duk wanda ya san danƙon da ake liƙa wa a tsakiyar fatar kotso ya san manufar: a ƙara wa tsakiyar fata nauyi don amo ya zauna. Masanin kimiyyar nan C. V. Raman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1930, ya yi rubutu tun 1920 a kan yadda wannan nauyin ke sa gangunan Indiya su fitar da sauti tsararre kamar na tsirkiya.

Tsagewa ƙanana masu kama da saƙar gizo ba lalacewa ba ce. Da gangan magini ke goge shi har ya tsattsage haka, don fata ta samu damar rawa. Abin tsoro shi ne ƙwaya ta ɓamɓare ko ta yi girgiɗi, kuma zuzun da kake ji yawanci daga nan yake. Buga a hankali kana bin baƙin da ɗan yatsa ɗaya. Inda ka danna zuzun ya ɗauke, nan ƙwayar take. Ɗiga mata farin gam na kafinta da bakin allura, ɗigo ɗaya tak, ka bar ta ta kwana. In ba a baƙin yake ba, duba ƙarƙashin zoben baki. Akwai siririn zare da ake cusawa tsakaninsa da fatar ƙasa. In ya goce ko ƙura ta taru a wurin, nan ma zuzu ne.

Hawan muryar kuwa aikin iska ne. An ɗaure tablar a ƙasa mai laima, ta zo ta tarar da hunturun Katsina, fata ta bushe ta ɗame. In ka bar ta a haka za ta iya yagewa daga baki. Ga yadda ake saita ta. Igiyar fata tana ratsa dajiyar da ke kewaye da fuskar, gajara, sau 16, kuma akwai guntayen itace 8, gatta, da aka cusa ƙarƙashin igiyar. Gatta na babban gyara ne: ka buga su ƙasa murya ta hau, ka buga su sama ta sauka. Kai yanzu sama za ka yi da su, kowanne kamar faɗin ɗan yatsa, kuma dukansu daidai wa daida. Daga nan sai ƙaramin gyara da 'yar gudumar da ta zo tare da ita. Kunna Sa a fiyano ko waya, ka bi bakin gangar da manuniya kana bugawa gurbi-gurbi. Inda ya yi ƙasa, buga dajiyar daga sama. Inda ya yi sama, buga ta daga ƙasa. A kan dajiya kawai, a tsakanin igiya da igiya. Gudumar ta kauce ta sami fata ko bakin itacen, ka jawo wa kanka sayen sabuwar fuska. Kada ka bi da'ira a jere: in ka gyara nan, juya ka gyara kishiyarsa, domin jan wani gefe yana taɓa na daura da shi. Mai koyo yakan zagaya sau uku ko huɗu kafin ko'ina ya yi murya ɗaya.

Kada kuma ka tilasta mata abin da ba nata ba. Faɗin fuska ne ke yanke muryar tabla. Mai inci 5 da rabi takan zauna wajen C ko C#, mai inci 5 ta fi ta kaifi, mai inci 6 ta fi kauri. Abin da za ka iya matsarwa bai wuce mataki ɗaya sama ko ƙasa ba. Shi ya sa ƙwararru ke yawo da ƙananan biyu ko uku.

Wajen ajiya, rufe fuskokin da 'yan matasan da suka zo da su, ka sa a jaka. A hunturu jiƙa ɗan soso ka matse shi sosai, ka sa a robar da ka huda wa murfi, ka ajiye a kusurwar jakar inda ba zai taɓa fata ba. A bazara kada ta yini a cikin mota ko ɗakin kwano mara rufi. Da damina akasin haka za ka gani: murya ta faɗi, ta dushe, sai ka mai da gatta ƙasa. Ranar da gatta suka kai gindi ba ta hau ba, igiya ce ta saki, sai an cire su an bi ta an ɗame daga farko. Wannan baduku mai haɗa kalangu zai iya taya ka. Siyahi kam ba aikinsa ba ne. In fuska ta mutu, auna faɗin bakin itacen daga waje zuwa waje, ka sa ƙanen naka ya sayo haɗaɗɗiyar puri mai wannan awo.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. Ni makaɗin kalangu ne, gado na yi. Yara kan kawo mini waƙar Indiya a waya su ce in bi ta a wajen biki. Wata nan take nake kama ta, wata kuwa sai in ji ta sulluɓe mini a tsakiya, in rasa inda kanta yake. Yaya suke lissafin kiɗansu?
Daga makaɗin kalangu, Daura

AMSA: Ranka ya daɗe, sarkin kiɗa. Waɗanda kake kamawa nan take, da wuya in ba Keherwa ko Dadra ba ne, domin su ne suka cika waƙoƙin fim. Kiɗansu zagaye ne, suna kiransa tala, kowace tala da adadin bugunta. Keherwa 8 ce, huɗu-huɗu: Dha Ge Na Ti, Na Ka Dhi Na. Dadra 6 ce, uku-uku: Dha Dhi Na, Dha Ti Na, kuma wannan tafiyar hannunka ya riga ya san ta.

Kalmomin nan ba magana ba ce irin wadda kalangu ke yi. Kalangunka yana bin hawa da saukar harshen Hausa har mai ji ya gane kirarin wanda ake wasawa. Nasu sunayen bugu ne kawai. Na shi ne manuniya a bakin ƙaramar ganga. Tin, manuniya a filin tsakiya. Ge, buɗaɗɗen bugu a babbar. Ka, tafin hannu a kife a kan babbar, amo a kashe. In an haɗa Na da Ge lokaci ɗaya sai ya zama Dha, Tin da Ge kuma Dhin. Inda kuka yi tarayya shi ne gunjin babbar: kai da hammata kake matse tsirkiya murya ta hau, shi kuma da gindin tafin hannu yake danna fata yana turawa. Saboda haka duk inda ka ji Dha, Dhin ko Ge, saki tsirkiya ka ba da kauri. Inda ka ji Na, Ta ko Tin, matse.

Masu sulluɓewar, wataƙila Rupak ce mai bugu 7, uku da biyu da biyu: Tin Tin Na, Dhi Na, Dhi Na. Muguntarta ita ce bugunta na farko ba shi da kauri, sai kunne ya ɗauka kan yana wajen Dhi. Ko kuma Jhaptal mai 10, biyu, uku, biyu, uku. Uwar su duka ita ce Tintal mai 16: Dha Dhin Dhin Dha, Dha Dhin Dhin Dha, Dha Tin Tin Ta, Ta Dhin Dhin Dha. Lura da bugu na 10 zuwa na 13, babu gunjin babbar ganga a cikinsu. Wannan ramin da gangan aka bar shi, shi ne alamar an wuce rabi ana komawa gida. In ka ɓata, kada ka yi ta lalube: jira ka ji inda kauri ya ɗauke, da ya dawo ka ƙirga uku, na huɗu shi ne kan kiɗan. Masu sauraro a can da hannu suke ƙirgawa, tafi a 1, 5 da 13, a 9 kuma su juya tafin hannu sama ba tafi.

Kan kiɗan sunansa sam, kuma a nan suka saba da mu: su a kan bugu na ɗaya suke ƙare jimla. In za su rufe, sukan maimaita salo ɗaya sau uku ya faɗa daidai kan sam, wato tihai. A Keherwa ɗauki salo mai bugu 3, ka yi shi sau uku a jere daga bugu na ɗaya. Uku sau uku tara, na taran shi ne ɗayan zagaye na gaba. A Tintal salo mai bugu 5, hutu ɗaya, 5, hutu ɗaya, 5, ya ba da 17, na sha bakwai ɗin shi ne sam. Gwada na Keherwa a wajen biki ka ga yadda 'yan rawa za su tsaya tare da kai. In kana son jin gwanaye, sa yaran su nemo maka Alla Rakha da ɗansa Zakir Hussain, wanda ya rasu a Disambar 2024.

TAMBAYA: Na ga wani tsoho a talabijin da hula yana busa wata aba sak algaita. Su ma suna da ita ashe?
Daga wani dattijo, Ƙofar Soro, Katsina

AMSA: Suna da ita, Baba, shahnai suke ce mata, kuma dangi ɗaya ne da algaita da gaitar Maroko da zurnar Turkiyya. Ga alama Bismillah Khan ka gani, mutumin Banaras, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 2006, ya kuma yi busa a Jan Ganuwa ta Delhi lokacin samun 'yancin Indiya a 1947. Har aikinsu ya yi kama: a da a ƙofar fada ake busa shahnai tare da tambura a lokuta sanannu na yini, sannan a gidan biki. Bambancin a baki yake. Mai algaita yakan shigar da karan busar duka cikin baki, leɓe ya tokare da faifan nan, kumatu su kumbura, sauti ya fito da ƙarfi ba yankewa. Mai shahnai da leɓe yake riƙe karan, yana matsawa yana sassautawa, ga ramuka bakwai ko takwas inda algaita galibi huɗu gare ta. Da haka yake samun jan sautin da ke sa ta yi kamar kukan mutum. A kudancin ƙasar akwai babbar yayarta, nadaswaram, wadda ta fi ta tsawo da amo.

TAMBAYA: Don Allah kiɗan Indiya duk na bautar gumakansu ne? Ina jin 'yan bege suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kan karin waƙoƙinsu, abin yana damuna.
Daga wata malamar Islamiyya, Rafindaɗi, Katsina

AMSA: Malama, hukunci na malamai ne, mu tarihi za mu ba ki. Ba duka ba ne, amma akwai. Bhajan da kirtan waƙoƙin ibadar Hindu ne, yawancin waƙoƙin gargajiyar kudu yabon allolinsu ne, kuma a cikin fina-finai ma akan sa bhajan. Mabiya addinin Sikh su ma littafinsu mai tsarki a kan raga 31 aka tsara shi. Raga ita kanta tsarin sauti ce, ba ta da kalmomi.

A arewa kuwa hannun Musulmi a cikin kiɗan ya yi zurfi ƙwarai. A fadojin sarakunan Musulmi ya girma; Tansen, wanda har yau ake kafa misali da shi, mawaƙin fadar Sarki Akbar ne, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. Vilayat Khan na sitar, Ali Akbar Khan na sarod (wata molon ce), Bismillah Khan, Alla Rakha, da Mohammed Rafi na waƙoƙin fim, duk Musulmi ne. Sannan akwai ƙawwali, waƙar Sufaye 'yan ɗariƙar Cishtiyya, wadda ake danganta tsarinta ga Amir Khusrau, almajirin Shehu Nizamuddin Auliya na Delhi. Su biyun a 1325 suka rasu. Zama ne na maza takwas zuwa goma a sahu biyu, jagora da harmoniyam (ɗan akwati mai maɓallai da zugazugi) a gaba, 'yan amshi masu tafi da mai tabla ko gangar dholak a baya. A al'ada da hamdu ake buɗewa, yabon Allah, sai na'at, yabon Annabi (SAW), sai manƙabat na waliyyai, cikin Urdu, Farisanci, Hindi ko Fanjabi. Wanda ya san zaman bandiri ba zai ji baƙunta ba. Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan, da ya rasu a 1997, shi ya kai ta duniya. Za ki ji ana cewa Khusrau ne ya ƙirƙiro sitar da tabla. Wannan zancen baka ne, domin su biyun sai a ƙarni na 18 suka bayyana.

Ra'ayinmu shi ne mai aron kari ya binciki asalin waƙar kafin ya ɗora yabo a kai. Yau fassarar kusan kowace tana intanet, babu uzurin rashin sani.

TAMBAYA: Mene ne bambancin kiɗan arewacin Indiya da na kudu?
Daga ɗaliba, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa

AMSA: 'Yar'uwa, na arewa Hindustani, na kudu Karnatik. Na arewa yakan fara da alap, doguwar shimfiɗa ba ganga, wadda a tsohon salon waƙa na dhrupad kan iya cin rabin sa'a, kuma yawancin abin da za ki ji a take ake ƙirƙirarsa. Na kudu a kan rubutattun waƙoƙi ya dogara, musamman na mutum uku da aka haifa a garin Tirubarur a ƙarni na 18: Tyagaraja, Muthuswami Dikshitar da Syama Sastri, kuma girgiza sauti ya fi yawa a cikinsa. Kudu sun kasa raga a ƙarƙashin uwaye 72, arewa kuma 10, bisa tsarin masanin kiɗa Bhatkhande da ya rasu a 1936. Da ido ma za ki gane. In kin ga tabla, sitar, sarod ko sarangi, arewa ce. In kin ga ganga ɗaya a kwance mai fuska biyu, mridangam, da tulun yumɓu ana bugawa da yatsu, da bina, babbar molo mai ƙarafa 24 da aka kafe da kakin zuma, da mai goge irin na Turawa a zaune ya tokare kansa da idon sawu, kudu ce.

TAMBAYA: Ina koyar da yara waƙa a wata firamare, ga matsalar wuta. An ba ni shawarar harmoniyam tunda ba ya son lantarki, kuma wani ɗan kasuwa zai taho mini da shi. Wane iri zan ce ya sayo, me zan duba?
Daga malamin makaranta, Daura

AMSA: Shawara ce mai kyau, Malam. Asalinsa na Faransa ne, mai zugazugin ƙafa. A Kalkata aka mai da shi na hannu wajen 1875 don a kaɗa shi a zaune a ƙasa. Ka san iyakarsa dai: ba ya jan sauti, kowane maɓalli a kafe yake, dalilin da ya sa gidan rediyon Indiya ya hana sa shi daga 1940 har 1971. Don koya wa yara tsayar da murya kuwa, kafewar nan ita ake nema.

Ka ce a sayo mai jeri 2 na harsunan tagullar da iska ke kaɗawa su ba da sauti, mai kauri da matsakaici, maɓallai 39 zuwa 42, akwati tsayayye. Guji mai naɗewa kamar jaka da mai matsar da maɓallai don sauya murya. Suna da kyau a ido, amma gaɓoɓinsu sun yi yawa, kuma kowace gaɓa ƙofa ce ga ƙura da yoyon iska. A tambayi mai shago ko an saita muryarsa a 440, awon da fiyano ke bi, domin wasu a 442 suke, kuma in ka haɗa su da fiyano za ka ji suna ɗan karo.

Gwajin farko na iska ne. A tura duk 'yan sandunan gaba masu buɗe wa iska hanya ciki, a zuga ba tare da an danna komai ba. Mai lafiya zai cika ya yi tauri ya ƙi karɓar ƙari. In ya yi ta karɓa, ko ana jin huci, yana yoyo. Sannan a jawo sanda ɗaya a bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, a mai da ita a jawo ta jeri na biyu a sake bi. In aka buɗe jeri biyun tare, lafiyayyen harshe yakan rufa wa matacce asiri.

In ya iso, matsalolinsa sanannu ne. Maɓallin da ya yi shiru ko yake karkarwa a hunturu, ƙura ce ko ɗan tsinke ya maƙale a harshensa. Kwance sukurorin, ɗaga allon, nemo harshen, ka zura siririyar takarda ko bakin reza a ƙarƙashinsa ka ɗan ɗaga ka saki. Kada ka lanƙwasa shi, domin in ya lanƙwashe muryarsa ta tafi. Sautin da ke fita shi kaɗai ba a danna ba, ko dai wayar da ke mai da maɓallin ta goce, ko 'yar fatar da ke toshe ramin ta ɓalle. Mai da wayar, liƙe fatar. Maɓallin da ke maƙalewa da damina itace ne ya kumbura: goga gefensa da lallausar sanfefa sau biyu ko uku kawai, ka shafa bakin fensir, don in ka ci da yawa hunturu na zuwa zai yi sako-sako. Huda a zugazugi kuwa, samo siririyar fatar akuya wajen dukawa ka liƙe da farin gam. Gyaran murya ana kankare harshe ne, wajen baki don ta hau, wajen gindi don ta sauka, amma abin da aka kankare ba ya dawowa, saboda haka kada ka fara koyo a kan wanda yara ke amfani da shi.

Kada ka ajiye shi a ƙasa ko jikin bango a ofishin makaranta, musamman lokacin dogon hutu. Gara na son itacen, ɓera na son fatar zugazugin. Ɗora shi a kan tebur, ka tura sandunan ciki, ka kulle zugazugin da maƙatansa, ka lulluɓe shi da zane mai kauri.